Waɗanda lissafi ya manta da su: tarihin jinkirta fiɗar jijiyar ƙwaƙwalwa

Ƴan uwa malamai da iyayen yara, akwai wata tambaya da ta raba kan likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa kusan shekara 40, daga 1953 zuwa 1990. Idan jijiyar jini ta kumbura ta fashe a cikin kan mutum, kuma Allah ya sa ya tsira daga zubar jinin farko, wace rana ya kamata a buɗe kai a toshe wurin? Nan take, ko a bari sai bayan sati biyu ko uku? Manyan masana na wancan zamani sun ce a jira, kuma suna da alƙaluman da suka goyi bayansu. Yau duniya ta koma kan gaggawa, ana son a gama aikin cikin kwana guda.

Dalili biyu suka sa na kawo wannan tarihi a nan. Ciwon ya fi kama mutane tsakanin shekara 40 zuwa 60, wato iyayen ɗalibanmu da mu kanmu. Sannan abin da ya ruɗi likitoci tsawon waɗannan shekaru matsala ce ta lissafin kashi cikin ɗari, irin wadda duk malamin da ya taɓa cika takardar sakamakon ƙarshen shekara zai gane ta da kallo ɗaya.

Ciwon da haɗurransa

A ƙasan ƙwaƙwalwa, manyan jijiyoyin da ke kawo jini daga wuya suna haɗuwa su yi zobe. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana wannan zobe a littafinsa na 1664, shi ya sa har yau ake kiransa da sunansa. A mararrabar jijiyoyin, inda jini ke dukan bango dare da rana, bangon yakan yi laushi ya turo waje, ya zama ƴar jaka kamar ƙwayar wake ko gujiya. Wanda ya taɓa ganin robar cikin tayar keke ta kumbura a gefe guda ya ga misalinsa. Likitocinmu suna ce masa anebirisim. Wajen mutum 3 cikin manya 100 suna ɗauke da irin wannan jaka ba su sani ba, kuma galibinsu za su tsufa ba ta fashe ba. Hawan jini, shan taba, yawan shan giya da gado su ne ke ƙara haɗarin, kuma mata sun ɗan fi maza kamuwa.

In ta fashe, jini yakan malala cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Mutum zai ji ciwon kai farat ɗaya, kamar an sauke masa taɓarya a ƙeya. Wajen 1 cikin 8 ba ya ma kaiwa asibiti. Wanda ya tsira kuwa, ɗan gudan jini ne ya toshe ɓular, kuma toshi ne marar ƙarfi.

Daga nan haɗari biyu manya ke jiransa. Na farko shi ne jakar ta sake fashewa. A 1983, Neal Kassell da James Torner a Amurka sun nuna cewa wajen 4 cikin 100 na sake zubar da jini a awa 24 na farko, bayan nan wajen 1.5 cikin 100 kowace rana, har adadin ya kai 19 cikin 100 a sati biyu. Galibin waɗanda ta sake fashe musu ba sa tashi. Na biyu shi ne tsukewar jijiyoyi. Jinin da ya zube yana fusata jijiyoyin da yake kwance a kansu, sai su matse, jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki ko ɗaukewar magana. Wannan yakan fara wajen kwana na 3 ko na 4, ya yi tsanani wajen sati guda, ya lafa bayan sati biyu. Bayan waɗannan, jinin yakan toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru a kai.

To ga inda likita ya tsaya. In ya shiga da wuri, zai tarar da ƙwaƙwalwa a kumbure, ja wur, jini ya rufe komai, jakar kuma na iya fashewa a hannunsa. In ya jira kumburin ya sauka, aikin zai zo da sauƙi, amma kowace safiya majinyacin yana kan siradi.

Daga gawa zuwa teburin fiɗa

An daɗe ba a ganin wannan jaka sai a jikin gawa. Giovanni Morgagni na garin Fadowa a Italiya ya ambace ta a babban littafinsa na 1761. A 1891 Heinrich Quincke a Jamus ya fito da dabarar soka allura a gadon baya a ɗebo ruwan laka, wannan da muka sani sarai a ƙasarmu a lokacin sanƙarau. Da ita aka fara ganin jini a ruwan mai rai. A farkon shekarun 1920 Charles Symonds a Landan ya tattara alamomin ciwon yadda likita zai gane shi a gefen gado. A 1927 kuma Egas Moniz a Lisbon, ƙasar Fotugal, ya zuba wani ruwa a jijiyar wuya ya ɗauki hoto, jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka fito kamar rassan itace. Daga nan aka samu hanyar sanin inda jakar take kafin a taɓa wuƙa.

Abin da aka saba yi a da shi ne ɗaure babbar jijiyar wuya don rage ƙarfin jinin da ke dukan jakar, abin da kan jawo wa wasu shanyewar jiki. A 1931 Norman Dott a Edinbura, ƙasar Sikotlan, ya buɗe kan wani mutum mai shekara 53 da jakarsa ta yi ta zubar da jini, ya yanko tsoka daga ƙafar mutumin ya naɗe jakar da ita. Mutumin ya warke ya koma harkokinsa, ya rayu sama da shekara 10. Ranar 23 ga Maris 1937, Walter Dandy a asibitin Johns Hopkins na Baltimo, Amurka, ya maƙala ɗan matsin azurfa a wuyan wata jaka, ya raba ta da jijiyar ba tare da ya toshe hanyar jini ba. Wannan dabara ta matse wuyan jaka ita ce tushen fiɗar har gobe.

Sai dai waɗanda suka bi sawunsu sun sha wuya. Hasken ɗakin fiɗa bai kai ƙasan ƙwaƙwalwa sosai ba, maganin sa barci bai ƙware ba, kuma matsin in an maƙala shi ba a iya gyara masa zama. Majinyata da yawa sun mutu a kan tebur ko ƴan kwanaki bayan aiki.

Zamanin jira

A 1953, Gosta Norlen da Herbert Olivecrona a birnin Sitokholm na Suwidin suka buga sakamakon aikinsu. Waɗanda aka yi wa fiɗa da ɗumin fashewar, fiye da rabi sun mutu. Waɗanda aka bari sai bayan wajen sati uku, mace-macen bai wuce 3 cikin 100 ba. Olivecrona na cikin manyan likitocin ƙwaƙwalwa na Turai, alƙaluman kuma ba su bar wurin musu ba. Wa zai ga rabi a nan, 3 cikin 100 a can, ya ce a yi gaggawa?

Haka jira ya zama ƙa'ida. Ana kwantar da majinyaci a ɗaki mai duhu marar hayaniya, a rage masu zuwa dubiya, a ba shi maganin kwantar da hankali da na sauke hawan jini, har da na sassauta ciki don kada ya yi yunƙuri a bayan gida. Iyalai suna zaune a waje suna ƙidaya kwanaki.

Wasu ma sun tambayi ko fiɗar tana da amfani sam. Wylie McKissock da abokan aikinsa a asibitin Atkinson Morley na Landan sun fara wani gwaji a ƙarshen shekarun 1950, inda ƙuri'a ke raba majinyata, wasu a yi musu aiki, wasu a kwantar da su sati shida. A jakar da ke fitowa a gaban zoben, sakamakon da suka buga a 1965 ya nuna wajen 4 cikin 10 sun mutu a kowane rukuni. A wata jakar ta gefe kuwa, aiki ya fi kwanciya. Wannan gwaji yana da muhimmanci domin ya ƙidaya kowa tun daga ranar da aka raba su.

A 1968 William Hunt da Robert Hess a jihar Ohayo ta Amurka suka kasa majinyata mataki biyar, daga mai ɗan ciwon kai da hankalinsa garau har zuwa wanda ya yi doguwar suma. Su suna yi wa masu mataki na 1 da na 2 aiki da zarar an gano jakar, su jinkirta wa sauran har su farfaɗo. Amma a yawancin asibitocin Turai da Amurka, har ƙarshen shekarun 1970, jiran kwana 10 zuwa 14 shi ne abin da ake koya wa ɗalibai.

Ramin da ke cikin lissafin

Mu malamai mun san wata dabara. Mu ɗauka makarantu biyu ne, kowace da ɗalibai 60 a ajin ƙarshe. Ta farko ta tace, ta gabatar da 30 kaɗai a jarrabawar BEPC, 29 suka ci, aka rubuta a allo 97 cikin 100. Ta biyu ta gabatar da dukan 60, 39 suka ci, sakamakonta 65 cikin 100. Uban da ya karanta allo zai kai ɗansa ta farko. Alhali ta biyu ta fitar da yara 10 fiye da ita. Bambancin yana ƙarƙashin layi, a lambar da aka raba da ita.

Abin da ya faru da fiɗar jinkiri ke nan, illa dai likitocin ba su yi da gangan ba, ciwon ne ya yi musu tankaɗe. Cikin sati biyu ko uku na jira, wanda jakarsa za ta sake fashewa ta fashe, wanda jijiyoyinsa za su tsuke sun tsuke. Wanda ya kai ranar aiki da ransa da hankalinsa, ya riga ya tsallake mafi munin kwanaki. Likitan fiɗa yana rubuta sakamakon waɗanda ya taɓa da wuƙarsa. Wanda ya rasu a ɗaki ranar 9 ba ya cikin littafinsa, domin bai yi masa aiki ba. Ga uwar da ta rasa ɗanta kuwa, duk ɗaya ne, a tebur ya tafi ko a gado.

Sannu a hankali aka gane cewa tambayar da ta dace ita ce: cikin duk waɗanda suka shigo ƙofar asibiti da wannan ciwo, nawa suka koma gida da lafiyarsu? Charles Drake na Kanada, wanda ya yi suna a duniya da kyawun sakamakon fiɗarsa ta jinkiri, ya haɗu da Kassell a 1982 suka sake duba batun. Sun ƙiyasta cewa cikin mutum 28,000 da jakarsu ke fashewa kowace shekara a Arewacin Amurka, wajen 10,000 kaɗai ke komawa rayuwarsu. Hannun likitoci ya ƙware ƙwarai, amma adadin masu tsira bai bi ƙwarewar ba.

An kuma gwada sa jiran ya zama marar haɗari. Tunda gudan jini ne ya toshe ɓular, sai aka riƙa ba da maganin da ke hana gudan narkewa. A 1984 wani gwaji na haɗin gwiwar Holan da Birtaniya a kan majinyata 479 ya nuna maganin ya rage sake fashewa daga 24 zuwa 9 cikin 100. Amma lalacewar ƙwaƙwalwa saboda ƙarancin jini ta tashi daga 15 zuwa 24 cikin 100. Da aka ƙidaya waɗanda suka warke bayan wata uku, babu riba. An toshe ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga.

Yadda aka juya

Kayan aiki ne suka fara sauya lissafin. Daga 1967, Gazi Yasargil, ɗan asalin Turkiyya da ke aiki a Zurik ta Suwizalan, ya shigar da madubin ƙara girma cikin fiɗar ƙwaƙwalwa. Da shi likita ke bin tsagin da Allah ya halitta tsakanin sassan ƙwaƙwalwa har ya isa jakar ba tare da ya danne ta da ƙarfi ba. An ƙera matsi mai sifirin da ake iya cirewa a sake maƙalawa. Masu sa barci suka koyi sassauta kumburin ƙwaƙwalwa a lokacin aiki. A 1971 kuma, a wannan asibiti na Atkinson Morley inda McKissock ya yi gwajinsa, aka ɗauki hoton kan majinyaci na farko da na'urar sikana ta Godfrey Hounsfield. Jinin da ya zube ya zama abin gani cikin ƴan mintoci.

Likitocin Japan ne suka yi gaba a shekarun 1970, musamman Jiro Suzuki a Sendai da Keiji Sano a Tokyo. Bengt Ljunggren a garin Lund na Suwidin ya biyo a farkon shekarun 1980. Hujjarsu ita ce: in an matse jakar a kwana uku na farko, an rufe babin sake fashewa. Ana iya wanke wani ɓangare na jinin da ya zube. Kuma idan jijiyoyi suka fara tsukewa, likita na da damar ƙara ruwa da ɗaga ƙarfin jini don ya ratsa, abin da ba zai kuskura ya yi ba muddin jakar na buɗe.

A 1989 aka samu sakamako biyu. A Birtaniya, gwaji a kan majinyata 554 ya nuna ƙwayar nimodifin, ana sha kowace awa 4 har kwana 21, ta rage mummunan sakamako daga 33 zuwa 20 cikin 100. A Helsinki ta Finlan, Juha Ohman da Olli Heiskanen suka raba majinyata 216 ta ƙuri'a zuwa rukuni uku: aiki cikin kwana 3 na farko, aiki tsakanin kwana 4 zuwa 7, da aiki daga kwana 8 zuwa sama. Bayan wata uku, masu iya kula da kansu sun kai wajen 92 cikin 100 a rukunin farko, 79 a na biyu, 80 a na uku. Gwajin ƙarami ne, kuma ya shafi waɗanda suka zo da sauran ƙarfinsu ne kaɗai, amma ya nuna alƙibla.

Babban binciken ya fito a 1990. An bi majinyata 3,521 a asibitoci 68 na ƙasashe 14, waɗanda aka kwantar tsakanin Disamba 1980 da Yuli 1983. Abin da ya burge ni a tsarinsa shi ne, tun ranar da majinyaci ya shigo ake sa likita ya rubuta ranar da yake niyyar yi masa aiki. Kamar a riƙe rajistar farkon shekara ne, a auna makaranta da ita. Bayan wata shida, 26 cikin 100 sun rasu, 58 cikin 100 sun warke sarai. Da aka duba ranar da aka yi aikin, waɗanda aka yi wa bayan kwana 10 sun fi kowa kyawun sakamako, daidai da abin da aka gani a 1953. Da aka duba ranar da aka yi niyya, aka sa waɗanda suka rasu ko suka lalace suna jira, sai fifikon ya ɓace: masu kwana 0 zuwa 3 da masu kwana 11 zuwa 14 suka zo kusan kunnen doki. Mafi muni su ne waɗanda aka tsara wa kwana 7 zuwa 10, lokacin da jijiyoyi suka fi tsukewa. A 1992 aka ware asibitocin Arewacin Amurka daga cikin binciken, aka ga a can aikin wuri ya fi.

Wato binciken bai ce gaggawa ta yi wa jira fintinkau ba. Ya dai rushe hujjar da jira ya tsaya a kanta. Da hannun likitoci ya ƙara sabawa da ƙwaƙwalwar da ke kumbure, sai ma'auni ya rinjaya gaba ɗaya.

Toshewa ta cikin jijiya

A farkon shekarun 1990, Guido Guglielmi, ɗan Italiya da ke aiki a Los Anjalis, ya fito da hanyar da ba a buɗe kai. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a bi da shi har cikin jakar, a cika ta da zaren ƙarfen filatin mai naɗewa, jini ya daskare a ciki. Tunda ba a taɓa ƙwaƙwalwar, kumburinta ba ya hana aiki. A 2002 aka buga gwajin da ya kwatanta hanyoyin biyu a kan majinyata 2,143. Bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka dogara ga wasu sun kai 23.7 cikin 100 a masu zare, 30.6 a masu matsi. Har yanzu akwai jakunkunan da matsi ya fi dacewa da su, kuma ana yin duka biyun. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a 2023 ta ce a toshe jakar da wuri gwargwadon iko, an fi so cikin awa 24.

Wanda ya iso a makare fa? A 2012 masu bincike suka koma kan bayanan wancan gwaji na 2002, suka ga mafi munin sakamako yana ga waɗanda aka yi wa aiki bayan kwana 10. Shawararsu ita ce, wanda ya cancanci aiki tsakanin kwana 5 zuwa 10 kada a ɗaga masa.

Jinkirin da ba likita ya zaɓa ba

Shekaru da yawa ana rubutawa a littattafai cewa wannan ciwo ba shi da yawa a Afirka. A 2001 Abdeslam El Khamlichi da abokan aikinsa a Rabat ta Maroko suka buga bayanin majinyata 200, suka ƙalubalanci wannan magana. A ganinsu, rashin kayan gano ciwon da rashin isowar majinyata ne suka sa ake zaton babu shi. Kuskuren 1953 ne ya dawo da wata riga: an ƙidaya waɗanda suka iso, an manta da waɗanda suka tsaya a hanya. Daga 2002 kuma Rabat ta zama cibiyar horar da matasan likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa daga ƙasashen Afirka.

A wurinmu hanya ce ke yanke ranar aiki. Galibin likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa na ƙasarmu a Yamai suke. Daga Tawa wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 650, daga Damagaram kusan 900, ban da tazarar ƙauye zuwa babban gari, ban da kwanakin haɗa kuɗi. Don haka idan kuka ji an ce waɗanda aka yi wa aiki a sati na uku sun warke sumul, ku yi murna da su, amma kada wani ya ɗauki wannan hujjar cewa jira ba ya cutarwa. Su ne ɗalibai 30 da aka gabatar.

Kilomita ba ta hannunmu. Kwanakin farko da ake ɓatawa a gida kuwa suna hannunmu, kuma a nan ne malami da uba ke da ta cewa. Ciwon yana da ƴan kama. Amai da ciwon kai, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wuya ya sandare bayan wasu awoyi, sai a ce sanƙarau, musamman a lokacin zafi. Mutum ya faɗi ya farfaɗo yana sambatu, sai a ce iska ce ko jifa. Ko a Amurka, wani bincike na 2004 a kan majinyata 482 ya gano 12 cikin 100 ba a gane ciwonsu ba a ganin likita na farko, kuma masu ƙaramar zuba, waɗanda suka fi kowa damar warkewa, su aka fi kuskurewa.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne yadda yake farawa. Sanƙarau da zazzaɓi suna tasowa cikin awoyi, galibi da zafin jiki. Wannan kuwa yana kai ƙololuwa cikin minti guda, mutum zai iya faɗa maka abin da yake yi a daidai lokacin, kuma zai ce bai taɓa jin irinsa ba. Wani zai suma, wani zai yi farfaɗiya, wani fatar idonsa ɗaya za ta saki ko ya riƙa ganin abu biyu. Wani lokaci ciwon yakan lafa bayan kwana ɗaya ko biyu, mutum ya koma kasuwa ko aji, alhali ƴar ƙaramar zuba ce da ke sanar da babba.

Idan haka ta faru ga wani a gidanku ko a makarantarku, a kwantar da shi, a nemi mota a ranar, kada ya tuƙa babur da kansa. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, domin wasunsu suna hana jini daskarewa. A riƙe awar da ciwon ya fara, a faɗa wa ma'aikacin lafiya da baki cewa farat ɗaya ya zo, domin wannan kalma ce ke sa shi tunanin jini a kai. A tambaye shi ko akwai bukatar turawa inda ake da sikana, tunda hoton ya fi nuna jinin a awoyin farko, yana dusashewa da kwanaki. Inda babu sikana, allurar gadon baya tana iya nuna jini a ruwan laka. In kuma kwana biyar ko sati ya riga ya wuce, a tafi duk da haka. Addu'a da neman magani ba sa hana juna, ana iya yin ta a cikin mota.

Ga mu masu alli, ina da roƙo biyu. A taron iyayen yara na gaba, mu ware minti biyar mu bayyana wannan ciwon kai, mu kuma tuna wa duk wanda ya haura 40 ya auna hawan jininsa, mai shan taba ya yi ƙoƙarin bari. Ranar da muka zo darasin kashi cikin ɗari kuma, bayan yara sun iya rabawa da ninkawa, mu rubuta musu misalin makarantun nan biyu a allo, mu bar su su gano da kansu wadda ta fi fitar da yara.